Hular Ponziano

Duk wanda ya yi kwana biyu a Spoleto ya san Ponziano, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren tsohon nan mai hular masu raba wasiƙa, wanda za ka gani da hantsi yana hawan layin kasuwa, baƙi shida ko takwas na biye da shi suna haki kamar an koro su. Garinmu a jikin dutse aka manna shi. Ko dai kana hawa, ko kana gangara, ko ka tsaya kana tambayar kanka me ya kawo ka. Shi kuwa Ponziano ƙuruciyarsa duka a hawa da sauka ta ƙare, da jakar gidan waya a kafaɗa, shi ya sa har yau ƙafafunsa ba su san akwai wani abu wai shi tudu ba.

Da ya yi ritaya, gidan waya suka karɓi jakarsu, amma hular ta gagara karɓuwa. Ya ce ta riga ta saba da kansa, wani kan ba zai yi mata daɗi ba. Kan kuma babu gashi ko na rantsuwa. In rana ta dake shi, har tantabarun dandali sai sun sake hanya.

Zaman banza bai karɓe shi ba. Kullum yana bakin famfon dandali yana kallon baƙi suna juya taswira ƙasa a sama. In wani ya tambaye shi inda ake samun abinci mai kyau, ba ya kwatance, domin Turancinsa bai cika cokalin shayi ba. Sai ya miƙe ya kama hannun rigar mutum ya ja shi. Da haka da haka har matar da ke ofishin masu yawon buɗe ido ta ga abin zai iya zama sana'a, ta fara tara masa mutane. Ba ya ɗaukar fiye da takwas, ba don wani tsari ba, kujerun ɗakin girkin Signora Elide mai taliya ke nan.

Gida huɗu ake shiga. Ana farawa da Quinto mai man zaitun, ya gasa burodi, ya goga masa tafarnuwa, ya kwarara mai har ya gangaro maka a gwiwar hannu. Daga nan sai Elide da taliyarta ta hannu, strangozzi, mai tumatir da ɗan yaji. Sai Gavino mai tumaki, da gasasshen haƙarƙari da cuku da zuma. A rufe da zaƙi, a gidan Nazzarena, yayar Ponziano, can saman gari kusa da babban coci. Wannan jerin ba Ponziano ya ƙago shi ba, haka muka tashi muka ga ana cin abinci. A wurinmu wanda ya ci zaƙi kafin taliya daidai yake da wanda ya fito kasuwa da wando a ka. Ba za a kama shi ba, amma za a daɗe ana zancensa.

Matar ofis ta yi musu bayani tun farko, ta maimaita: ɗanɗano za a ba baƙo, ɗan kaɗan, don ya samu wurin na gaba. Duka suka gyaɗa kai. To amma fa ka ce wa mutumin garin nan ya ba baƙo kaɗan, kamar ka ce masa ya gaishe da surukinsa da ƙafa ne. Quinto ya fara da yanka biyu. Elide ta ji labari, ta ce ita ba za a fito daga gidan mai sayar da mai a ƙoshe a zo gidanta a yi wasa da cokali ba, ta cika faranti har ya yi tozo. Gavino kuwa ba ya magana, wuƙa ce bakinsa. Kana cewa ya isa, yana ɗauka ka ce ya ƙara. Kafin a kai saman gari, baƙin nan sun zama kamar buhunan da aka ɗinke baki. Ko ruwa sai sun yi shawara kafin su sha.

Ga shi kuma gidan ƙarshe shi ne gidan da bai kamata a bar ko ɓarɓashi a faranti ba.

Nazzarena ce ta raini Ponziano. Mamarsu ta rasu yana ɗan mitsitsi, ita kuma ba ta gama zama budurwa ba, ta bar makaranta ta ɗaura zanen girki. Ita ta yi masa wanka, ita ta zane shi, ita ta kai shi gidan waya da hannunta ta ce a ba shi aiki. Bai taɓa aure ba. Ya nemi wata sau ɗaya, yarinyar ta zo cin abincin Lahadi, ta ture rabin farantinta ta ce tana rage ƙiba, shi ke nan ba a sake jin sunanta a gidan ba. Har yau da furfurarsa a gira, yayarsa ke wanke masa kaya, ita ke guga, ita ke duba bayan kunnensa in ya shigo.

Da mijinta Settimio ya rasu, Nazzarena ta rufe tagogi ta zauna. Ba kuka, ba fira, ba coci ma. Tandarta ta yi sanyi har gizo-gizo ya tare a ciki. Ponziano ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo limamin coci, duk a banza. Rannan sai ya zo mata da ƙorafi. Ya ce yana yawo da baƙi gida uku, amma a ƙarshe sai dai ya saya musu kek na leda a kanti, domin duk garin babu wanda ya rage da ya iya crescionda irin ta Mama. Ya ce Elide ta ce za ta gwada.

Nazzarena ta ɗago kai a karon farko cikin watanni. "Elide? Wadda ba ta san bambancin ƙwai da dankali ba?"

Washegari aka ji ƙamshin cakulan da ɓawon lemo a layin. Crescionda kek ne mai taushi, ƙasansa da ɗan ƙarfi, tsakiyarsa kamar kindirmo, samansa baƙi. Tun daga ranar ta samu dalilin tashi da asuba. Ta buɗe tagogi, ta fito da farantan aurenta masu zanen shuɗi, har ta koma faɗa da maƙwabta, wanda shi ne alamar lafiya a wurin matan layinmu.

Ranar farko da baƙi suka zo, suka yi loma bibbiyu suka ajiye cokali suna shafa ciki suna murmushi. Ponziano ya ga abin da ke shirin faruwa. Yayarsa tana da wata ɗabi'a, ba ta tsayawa kan mutum yana ci, ta ce rashin tarbiyya ne. Tana ajiye faranti sai ta koma ciki ta ɗora gahawa, ba ta fitowa sai tukunyar ta yi gurnani. A wannan ɗan tsakanin Ponziano ya zagaye teburin nan da cokalinsa kamar mai kashe gobara. Da ta fito ta ga faranti fes, sai ta ɗan murguɗa baki ta ce ashe baƙin nan sun san abin kirki.

Haka aka ci gaba. Bazara ta wuce, kaka ta shigo, Ponziano yana ta kumbura. Mutumin da a da iska ke neman ɗauka a kan gada, ya zama sai ya zauna kafin ya ɗaura takalmi. Abokansa na bakin famfo suka fara tambayarsa wata nawa ne, kuma wa za a sa wa sunan. Yayarsa ta buɗe masa ƙugun wando, ta sake buɗewa, har yadin ya ƙare ta yi masa ƙari da wani ƙyalle da bai yi kala ɗaya da wandon ba. Duk laifin a kan Elide ta ɗora shi, ta ce matar nan da mai take wanka.

Likita ce ta tsayar da wasan. Wata 'yar siririya mai tabarau, wadda shi ya riƙa kai wa iyayenta wasiƙa tun tana rarrafe. Ta duba jininsa ta ce suga ya hau inda bai taɓa hawa ba, in ya ƙara irin waɗannan watannin, ƙafafun nan da yake taƙama da su ne za su fara tafiya su bar shi. Ya ce mata aiki ne ya jawo. Ta ce ita ba ta taɓa jin aikin da ake yi da cokali takwas ba.

Ya fito ya zauna a matakalar asibiti. In ya ci gaba da ci, ƙafa za ta tafi. In ya daina, faranti zai koma wa Nazzarena da kek a kai, kuma ya san abin da zai biyo baya, ya taɓa ganin tagogin nan a rufe.

Ya fara da Elide. Ya je da ladabi, hula a hannu, ya ce ko za ta ɗan rage hannu. Ta dube shi tun daga ƙarin wandonsa har sanƙo, ta tambaye shi wane baƙo ne ya ce taliyarta ba daɗi, ya faɗa mata sunansa da ƙasarsu. Ranar sai da ta ƙara ludayi guda don huce haushi. Quinto ya ce shi burodi kawai yake bayarwa, burodi kuma ba abinci ba ne. Gavino ya saurare shi har ya gama, ya gyaɗa kai, ya yanko cuku ya miƙa masa.

Sai ya koma wa ƙafa. Ya ce bari ya bi da baƙi ta doguwar hanya, su hau har ganuwar da ke ƙololuwar dutse su zagayo, ko ciki ya zazzage. Kwana kaɗan abin ya yi aiki, har wani Bajamushe ya gano matakalar lantarki da hukuma ta saka a bayan gari, ya sanar da duniya. Daga nan in Ponziano ya iso sama yana zufa, sai ya tarar da baƙinsa a zaune suna ɗaukar hoto, cikinsu na nan yadda Gavino ya bar shi.

Saura dabara ɗaya, ya ɓoye kek ɗin ya fita da shi. Aljihu ba zai yiwu ba, yayarsa ke wanki. Jaka kuma a bakin ƙofa take sa kowa ya rataye. Abu ɗaya ne ke shiga da shi har tebur, wato hula, domin ba a zama cin abinci da hula a ka, a kan gwiwa yake ajiye ta.

Ranar wata Talata ce cikin Nuwamba, sanyi ya fara cizo. Baƙin 'yan Kanada ne, mutanen kirki, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma Elide ta riga ta gama da su. Nazzarena na shiga ɗora gahawa, Ponziano ya shimfiɗa hankici a cikin hula ya bi faranti ɗaya bayan ɗaya yana kwashewa. Baƙin suka zuba masa ido. Ya ɗora yatsa a leɓe, suka gane, wata ma ta taya shi. Niyyarsa ya fita da hular a hammata, ya juye wa kajin wani a hanya.

Aka sha gahawa, aka fito. Nazzarena ta rako su bakin ƙofa kamar kullum, ta ga ƙaninta da kai a waje.

"Sa hularka, Ponzi."

Ya ce zafi yake ji.

"Zafi a Nuwamba. Sa hularka kafin mura ta kwantar min da kai, ni ba ni da ƙarfin jinya."

Mutum ya kai shekara saba'in, amma akwai muryar da in ta ce ya yi abu, hannunsa ke yi kafin kansa ya yi tunani. Ya kifa hular. Ya ce daga baya wai abin da ya fara ji sanyi ne mai daɗi, kamar an ɗora masa hannu ana sa masa albarka.

Da a nan aka tsaya, da ya tsira. Sai ƙararrawar coci ta fara bugawa ɗaya-ɗaya. Ashe ranar ake jana'izar Oreste, tsohon wanzamin layin. Ga limamin coci a gaba, ga akwatin gawa a kafaɗun mutane, ga rabin gari a baya suna hawowa a hankali, kuma babu wata hanya sai ta ƙofar Nazzarena. Masu shaguna suka jawo ƙofofin ƙarfe zuwa rabi. Duk namijin da ke layin ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Hatta 'yan Kanada, da suka ga abin da ake yi, suka cire nasu.

Ponziano ya tsaya da tasa a ka. Ya dubi sama, ya dubi takalminsa. Matar mamacin ta iso daidai shi, ta ɗago ido. Shekara da shekaru Oreste yana karɓarsa a shago ya yi kamar yana yi masa aski, don dai kada ya ji an bar shi a baya. Irin wannan mutumin ba a barinsa ya wuce ka da hula a ka.

Ya cire.

Hankicin ya biyo hular, kek ɗin ya zauna. Ya yi masa kambi baƙi a tsakiyar sanƙo, tsakiyar mai taushi ta fara gangarowa ta bayan kunne, inda yayarsa ta saba dubawa. Ba wanda ya yi dariya, jana'iza ce. Amma masu ɗauke da akwatin kafaɗunsu suka fara rawa, har Oreste ya yi tafiyarsa ta ƙarshe yana girgiza. Limamin ya sa littafinsa a fuska ya daɗe bai sauke ba.

Nazzarena ta jira har mutum na ƙarshe ya wuce. Ta kwance zanen girkinta, ta goge masa kai tas, har bayan kunnen. Sannan ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Tun yaushe?"

Ya ce yau ne kawai.

"Wandon fa?"

Ta shiga ta rufe ƙofa. Kafin ya kai ƙarshen layi ya ji ana jan tagogi ɗaya bayan ɗaya.

Mako guda ya yi yana rufe yawonsa a gidan Gavino. Kullum da yamma ya je ya ƙwanƙwasa, ya yi bayani ta ramin makulli: ba kek ɗin ba ne, Elide ce, Quinto ne, cikin mutum iyaka gare shi, shi kuma likita ta ce sugansa ya hau. Ƙofa ba ta buɗuwa. Kayan wankinsa dai yana tarar da su a goge a kan dakali, amma ko maɓalli ɗaya ba ta ƙara ɗinke masa ba. Abin da ya fi ci mata rai, kamar yadda maƙwabciyarta ta tsegunta masa, ba ƙin cin ba ne. Ita da take zaton baƙi take ciyarwa, ashe ƙaninta take kashewa da hannunta, yana kallonta yana murmushi.

Ranar Asabar yana da baƙi 'yan Koriya. Ya tarar da su a dandali tun da wuri, sun riga lokaci. Kamar yadda ya saba sa a gaya wa kowa, ba su karya ba, don Elide ta samu wuri. Quinto bai buɗe ba tukuna. Ponziano ya yi musu nuni da hannu su jira shi nan, shi zai ɗan hau ya dawo, don ya ƙudura yau sai ya gwada ƙofar yayarsa da safe, ko zuciyarta ta fi taushi kafin rana ta yi. To nunin hannun Ponziano na “ku jira” da na “ku biyo ni” Allah kaɗai ya san bambancinsu. An ce musu su bi mai hula, suka bi mai hula.

Yana tsaye yana magana da ramin makulli bai san akwai jama'a a bayansa ba. Abin da ya sa ya yi shiru ƙamshi ne, cakulan da ɓawon lemo, yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ashe duk kwanakin nan ba ta daina ba. Hannu ya riga ya saba, da asuba take tashi ta gasa, ta zauna ta kalli abin har ya huce.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Da gani ta shirya abin da za ta faɗa masa, mai tsawo ne kuma. Sai idonta ya tsallake kafaɗarsa ya sauka kan mutum bakwai a jere cikin sanyi, wata tsohuwa a gaba ta ɗaga hanci tana shaƙar iska ido a lumshe.

"Su waye waɗannan?"

Ya waiga, ya kusa faɗuwa. Ya ce baƙi ne, kuskure ne, yanzu zai tafi da su.

"Sun karya?"

Ya ce a'a.

"Ka jawo bayin Allah tun daga dandali har nan ba komai a cikinsu. Haka na raine ka?" Ta wangale ƙofa. "Matsa min, sanƙo."

Ranar ba ta shiga ɗora gahawa ba, Ponziano ta tura. Ta tsaya ƙiƙam a kansu, hannu a ƙugu, tarbiyya ta jira wata rana. Ta ga cokali na shiga, ta ga yana fitowa wayam. Tsohuwar nan ta gama nata, ta kankare farantin har zanen shuɗin ya yi ƙara, sannan ta ɗaga shi da hannu biyu ta miƙa. Nazzarena ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗaga hular da ke kan kujera ta duba cikinta, sannan ta yanko mata wani.

Da labari ya kai kasuwa cewa Ponziano ya fara kai baƙi gidan zaƙi kafin taliya, an so a yi surutu. Elide har ta ɗaura gyale za ta fita neman magoya baya. Quinto ne ya tambaye ta me ta ci da gahawarta yau da safe. Ta ce kek, kamar kowa. Ta tsaya, ta kwance gyalen. Zaƙin safe ai karin kumallo ne, ba wanda ya taɓa jerin kakanni. Abin yana gabanmu tun farko, gari guda ba wanda ya gani, domin duk mun sa a ka cewa wurin crescionda bayan nama ne.

Yanzu daga sama ake farawa a gangaro, abin da baƙi ma suka fi so. Gidan ƙarshe ya zama na Gavino, kuma ana isa can a ƙoshe kamar da. Amma farantinsa fes yake komawa, yana ta jin daɗi shi kaɗai. Yana da wani farin karen tumaki da ke kwana ƙarƙashin teburin baƙi, wanda a 'yan watannin nan ya daina iya bin tumaki. Ba wanda ya gaya wa Gavino komai, mu ma ba za mu fara ba.

Ponziano kuwa gahawa ba suga yake samu a gidan yayarsa, da busasshen burodi yanka ɗaya, tana tsaye har ya cinye. Hularsa a ƙusa take rataye ta, can sama inda hannunsa ba ya kaiwa. An riga an farke ƙarin wandon. Makon jiya na wuce ta layin na ji keken ɗinkinta yana aiki, tana rage ƙugun, tana yi masa faɗa ta taga wai ya rame kamar wanda ba shi da kowa.